Alkama bana, cikpi baɗi: me ya sa cuta ta ƙi barin gonata?

Mai Gonar Alkama:
Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Shawara nake nema a wajen waɗanda suka fi ni sani. Shekara shida ke nan ina noman karɓa-karɓa a gona ɗaya: in na yi alkama bana, baɗi sai in sa waken cikpi, wanda Larabawa ke kira hummus, baɗin baɗaɗa kuma in koma alkama. An ce mini haka yana kashe cuta kuma yana gyara ƙasa, shekarun farko na ga hakan da idona. To amma bara cikpi ya yi wasu tabo a ganye da kara, karan ya riƙa karyewa. Bana kuma alkama ta tashi ba daidai ba, wani wuri ta tsumbure ganyen ƙasa ya yi ɗorawa, da ta zo ƙosawa sai ga fararen zangarnu nan da can, ka murza ba ƙwaya. Taki ban rage ba. Ina na yi kuskure?

Mai Feshi:
Wa alaikumus salam Alhaji. Maganin feshi ne ba ka sa a kan lokaci ba. Da ka fesa sau biyu ko uku da ba ka ga wannan ba.

Malamin Gona:
Malam Mai Feshi, a dakata da maganar feshi tukuna. Abin da Alhaji ya zayyana ba cuta ɗaya ba ce, a ƙalla uku nake hange, kuma ɗaya ce kawai daga ciki feshin ganye yake taɓawa. Alhaji, don Allah je ka gonar ka tuge alkama kamar guda ashirin, wasu daga masu farar zangarniya wasu daga inda ta tsumbure. Ka ɓare kuben ganyen da ya rufe gindin karan ka dubi launinsa. Ka wanke saiwar da ruwa ka duba ita ma. Sannan ka gaya mana: fararen zangarnun a dunƙule suke wuri ɗaya, ko a warwatse?

Mai Gonar Alkama:
Na dawo daga gonar yanzu, Malam. Gindin karan ruwan ƙasa ne kamar launin zuma, ya hau har gaɓa ta biyu, a wasu ta uku. A guda biyu na ga wani abu ja-ja kamar funfuna a ƙarƙashin kuben. Zangarnun a warwatse suke, gindi ɗaya ma sai ka ga ɗa ɗaya ya yi fari sauran kore. Saiwar masu tsumburewa kuwa 'yar kaɗan ce, ba ƙananan jijiyoyi sosai, amma ba ta yi baƙi ba.

Malamin Gona:
Madalla, gani ya kori ji. Wannan launin zuma da farar zangarniya a warwatse alamar ruɓewar gindi ce, wadda funfunar Fusarium pseudograminearum ke kawowa. Da a ce saiwar ta yi baƙi ƙirin, shukar tana tugewa ba wuya, zangarnun kuma sun yi fari a dunƙule, da sai mu ce wata cutar saiwa ce daban. Ita ruɓewar gindi a cikin tushiya da karan alkamar da ta gabata take kwana. Sabuwar shuka tana kamuwa tun tana ƙarama idan gindinta ya haɗu da tsohon kara, amma ba ta nunawa sai lokacin cikon ƙwaya, musamman in an samu ƙarancin ruwa da zafi. A lokacin funfunar take toshe hanyar ruwa a cikin kara, zangarniya ta bushe ba ta cika ba. Shi ya sa feshin ganye ba ya kai mata.

Cikpi ba ya ɗaukar wannan cuta, nan an gaya maka gaskiya. Abin da ba a gaya maka ba shi ne funfunar ba ta mutuwa sai karan da take ciki ya ruɓe, kuma shekara ɗaya sau da yawa ba ta isa ba. Cikpi shuka ce mai ƙaramin ganye, ba ya rufe ƙasa da wuri, rana tana dukan karan yana zama a bushe. A gabashin Ostireliya, wato Kwinsland da arewacin Niyu Sawut Wels, inda noman alkama da cikpi ya yi ƙarfi, sun daɗe da lura cewa shuke-shuke masu rufe ƙasa da inuwa kamar kanola, wadda ake matse mai daga ƙwayarta, sun fi cikpi ruɓar da tsohon kara.

Dattijon Manoma:
To ai magana ta ƙare, ɗana. In a kara take, a sa wa karan wuta. Haka muka taso muka ga ana yi, kuma ba mu san waɗannan cututtukan masu dogon suna ba.

Manomiya:
Baba, da girmanka, ni ban yarda da ƙona kara ba. Na ƙona shekara biyu a jere, ƙasar ta zama kamar tsakar gida, ruwa ba ya shiga, iska tana kwashe ta. Tun da na bari ƙasar ta fara dawowa hayyacinta.

Dattijon Manoma:
'Yata, ƙasa mai kyau da ba ta ba ka hatsi ba me ta amfana maka? Mutum ya zaɓi ɗaya.

Malamin Gona:
Baba, wuta tana da abin da take yi, ba zan musa ba. Akwai cutar tabon ganye mai ɗorawa a alkama wadda ke tashi daga karan da ke saman ƙasa, ita ƙuna yana rage ta sosai. Amma ruɓewar gindi tana nan har a tushiyar da ke ƙarƙashin ƙasa, inda wuta ba ta kai. Ka ƙona na sama, na ƙasa yana jiranka. Abin da ya fi damuna kuma, ka ƙona abin da ke tare maka danshi, alhali ƙishirwa a lokacin cikon ƙwaya ita ce ke fito da cutar fili. Sai ka rage ƙwayar cutar kaɗan amma ka ƙara mata ƙarfin yin ɓarna. Huɗa ma haka take da fuska biyu: in ƙasa na da danshi tana taimaka wa kara ya ruɓe, in a bushe take garma sai dai ta farfasa karan ta watsa shi ko'ina cikin gonar.

Dabarar da na fi amincewa da ita ga wanda ke barin kara a tsaye ita ce shuka a tsakanin layukan bara, kada sabon iri ya faɗa kan tsohuwar tushiya. Sannan a kula da ciyayi dangin hatsi da gyauron alkama a shekarar cikpi. Duk wanda ya bar su ya ciyar da cutar shekara guda, da suna kawai gonar ta huta. Sha'ir ma yana ɗaukarta, kada a ɗauka canji ne. Alkamar durum kuwa, wadda ake yin taliya da ita, ta fi kowace iri rauni a gabanta.

Ɗalibar Noma:
Malam, ina da tambaya. A karatu mun ga cikpi ma yana da tasa cutar ta Fusarium. Ba ita ce ke tsallakawa daga alkama zuwa wake ba?

Malamin Gona:
A'a ƙanwata, sunan gida ne ɗaya, kowa da ɗakinsa. Ta cikpi ita ce Fusarium oxysporum mai sa shuka ta yi yaushi, kuma ba ta cutar da alkama. Yadda za ki gane ta: shukar ta langaɓe ta bushe, waje ɗaya ko a layi, in kin tsaga karan daga gindi za ki ga cikinsa ya yi duhu, amma bayan saiwar lafiya lau. Wannan tana iya zama a ƙasa fiye da shekara 6 ba tare da an shuka cikpi ba, don haka hutun shekara ɗaya ba ya yi mata komai. Maganinta na gaskiya iri ne mai jure ta. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da aka kafa a 1972 kusa da Haidarabad a Indiya ta yi aiki mai yawa a kan irin da ke jure wannan cuta, don a Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa noman cikpi, tana cikin manyan masu ɓarna. Amma abin da Alhaji ya gani bara ba ita ba ce.

Mai Feshi:
Shi nake jira a zo kansa. Tabo a ganye da karyewar kara, ai wannan cutar funfuna ce da ake kira askokaita, kuma ita dai feshi take so. Ko nan ma za a ce na yi kuskure?

Malamin Gona:
Nan ka yi daidai Malam, in dai tabon yana da zobe-zobe da ƙananan ɗigo baƙi a tsakiya. Alhaji, haka ne?

Mai Gonar Alkama:
Haka yake. Har a jikin kwanson na ga wannan zoben. Kuma ya fara ne daga wasu 'yan wurare, bayan ruwa na kwana uku sai ya bazu.

Mai Feshi:
To bari in faɗi abin da na sani a sana'ata. Magungunan da aka fi amfani da su a kanta, irin su kulorotalonil da mankozeb, kariya suke yi, ba warkarwa ba. Dole maganin ya riga ruwa sauka a kan ganye. Ɗigon ruwan sama shi ke fantsama ƙwayar cutar daga tabo zuwa sabon ganye, in ganyen ya jima a jiƙe cikin yanayi mai sanyi-sanyi ta kama. Mutane da yawa sai an ɗauke ruwa sun ga tabo sannan su kira ni, lokacin aikin gama ya gama. Kuma duk ganyen da ya fito bayan feshi ba shi da kariya, shi ya sa ake maimaitawa kafin ruwa na gaba. Mai ban ruwa da injin yayyafi ma ya sani cewa a wajen wannan cuta yayyafinsa ruwan sama ne.

Manomiya:
Wannan gaskiya ne, amma Malam ka tsallake mafarin abin. Ni iri ne ya kawo mini ita. Na saya a hannun wani mai sayar da iri, ya ce mini tsaftatacce ne, gonar kuma ba a taɓa sa mata cikpi ba. Mako biyar da tsirowa sai ga tabo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don gona ce sabuwa fil na shigar mata da cuta da hannuna. Tun daga nan ba na shuka cikpi sai na cuɗa irin da magani, kuma ba na ɗebe iri daga gonar da na ga tabo a kwansonta ko da ƙwayar ta yi kyau a ido. Alhaji, irin da ka shuka bara na ina ne?

Mai Gonar Alkama:
Nawa ne Hajiya, na ajiye daga girbin da ya gabata. Ban sa masa magani ba.

Manomiya:
To ka ga ƙofa biyu ka bari a buɗe: iri, da harawar da ta rage a gonar. Shekara ɗaya tsakanin cikpi da cikpi ta yi kaɗan. Shawarar da ake bayarwa ita ce shekara 3 zuwa 4, kuma sabuwar gonar ta yi nesa da inda aka yi cikpi bara, don iska tana ɗauko ɓarɓashin harawa.

Malamin Gona:
Hajiya ta faɗi daidai. A Ostireliya tazarar da suke ba manomansu ita ce a ƙalla mita 500 daga harawar bara. Sun koyi darasin ne da wuya, don a 1998 cutar ta yi wa noman cikpi na kudancin ƙasar mummunar ɓarna. Tsohuwar cuta ce: manoman gabar tekun Bahar Rum sun daɗe suna jinkirta shukar cikpi har sanyi da ruwansa su wuce don guje mata, duk da sun san amfanin zai ragu. Sai da cibiyar binciken noma ta ICARDA, wadda aka kafa a 1977 a Siriya, ta fitar da iri masu juriya sannan shukar lokacin sanyi ta yiwu a can. Maganin cuɗa iri da aka saba da shi haɗin tiram ne da tiyabendazol. Abu ɗaya a kula: in za a sa wa irin ƙwayoyin raizobiyam masu sa ƙulli a saiwa, a fara sa maganin ya bushe, a sa su daf da shuka, don in sun daɗe tare maganin yana rage su.

Malam Mai Feshi, kai ma ga taka: a riƙa sauya dangin magani. A arewacin Amurka da Kanada, cikin shekarun 2000, askokaita ta daina jin magungunan dangin sitirobilurin saboda yawan maimaita su. Iri mai juriya ma ba ya ɗauke feshi gaba ɗaya, musamman lokacin kwanso.

Dattijon Manoma:
Duk na ji. Amma ba wanda ya taɓo tsumburewar. Ni a ganina yunwa ce, ƙasar ta gaji, a ƙara taki.

Malamin Gona:
Baba, ita na ajiye don ita ce ta fi tayar mini da hankali, kuma ita ce ke nuna aibin karɓa-karɓar shuka biyu kacal. Alhaji ya ce bai rage taki ba, kuma cikpi, mai ƙara wa ƙasa sinadarin taki na naitirojin, ya riga alkamar a gonar, ya kamata a ce naitirojin bai yi ƙaranci ba. Shuka mai kama da mai yunwa a ƙasar da ke da abinci, ga saiwa ba jijiyoyi, abin da nake zargi tsutsar saiwa ce, wadda ake kira nematod. Ba ta kai milimita ɗaya ba, ido ba ya ganinta. Tana shiga cikin saiwa tana ci tana hayayyafa a ciki, saiwar ta kasa jan ruwa da taki. Iri biyu ne suka fi addabar wannan noma, Pratylenchus thornei da Pratylenchus neglectus, kuma ga inda gizo ke saƙa: dukkansu suna cin alkama, suna cin cikpi. Ke nan a wajen funfunar gindi ka huta shekara guda, a wajen askokaita ka huta shekara guda, amma a wajen tsutsar nan shekara shida ka yi kana shimfiɗa mata tabarma ba fashi.

Ba zan rantse ba sai an gwada ƙasar, don alamunta suna kama da na wasu matsalolin. A ɗebi ƙasa daga wurare da yawa a gonar, har da ta zurfi, tare da guntayen saiwa, a kai ɗakin gwaji su ƙirga kuma su faɗi wace iri ce. Sanin irin dole ne. Ta farkon ta fi son ƙasa mai laka, kuma dawa da auduga ba sa ciyar da ita, don haka suna rage yawanta. Ta biyun jerin abincinta daban ne, abin da ya rage ɗaya yana iya ƙara ɗayar. Ba ta da wani maganin feshi da zai biya manomin hatsi, fari ma ba ya kashe ta, sai ta nannaɗe ta yi likimo har danshi ya dawo. Tana bin laka a tayar tarakta da ruwan da ya gangaro daga wata gona.

Ɗalibar Noma:
Malam, in ƙara wani abu da ya rikita mu a aji har aka warware mana. Juriya iri biyu ce a kan tsutsar nan. Akwai irin da ke ba da amfani mai kyau duk da tana cinsa, amma yana barin ta ta yi yawa a ƙasa. Akwai kuma wanda ba ya barin ta ta hayayyafa. Manomi zai iya jin daɗin na farko bana, wanda ya biyo baya a gonar ya biya bashin.

Malamin Gona:
Allah ya yi miki albarka, haka yake. Idan gwaji ya nuna tana da yawa, a nemi irin da ya haɗa biyun, in babu a san wanne ake saya.

Mai Gonar Alkama:
Jikina ya yi sanyi, wallahi. To cutar tsatsa fa? Maƙwabcina ta kama tasa bana, shi kuma bai taɓa maimaita alkama a gona ɗaya ba.

Malamin Gona:
Tsatsa ba ruwanta da karɓa-karɓa, Alhaji. A iska take tafiya, tana ƙetare ƙasashe. Nau'in tsatsar kara da ake kira Ug99 a Yuganda aka fara ganinsa a ƙarshen shekarun 1990, daga baya ya kai Kenya da Habasha da Yaman har Iran. Ba ta rayuwa a mataccen kara, sai a kan shuka mai rai, don haka abin da ke hannunka shi ne kashe gyauro kafin lokacin shuka, zaɓen iri mai juriya, da zagaya gona a kai a kai don a yi feshi da wuri. Nan aikin Malam Mai Feshi yana da amfani sosai.

Dattijon Manoma:
Maganar tsutsa ta shige ni, don mun san gonar da aka hutar da wani hatsi daban takan farfaɗo ko ba mu san dalili ba. Amma a kan wuta ina nan kan bakana, in kara ya yi yawa har ya hana shuka, zan ƙona. Kuma ku tuna ba kowa ke da gona huɗu da zai riƙa juyawa ba. Mai gona ɗaya in ka ce ya bar alkama shekara biyu, me zai sa a rumbu?

Manomiya:
Baba, ni ma gona ɗaya gare ni. Raba ta na yi kashi huɗu, kowace shekara kowane kashi da abin da ke cikinsa, cikpi ba ya komawa wuri sai bayan shekara huɗu. Na san tazarar mita 500 ba za ta samu ba a haka, shi ya sa nake kwashe harawar gaba ɗaya daga gonar bayan girbi, in sa kashin cikpi a gefen da ya fi nisa da na bara, in kuma tsaya kan maganin iri da feshi kafin ruwa. Bai kai yadda ake so ba, amma tun da na fara ban sake asarar da na yi a baya ba.

Mai Gonar Alkama:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na yanke. Bayan girbi zan ɗebi ƙasa in kai gwaji kafin in sayi kowane iri. Irin cikpin da na ajiye ba zan shuka shi ba. Baɗi wannan gonar ba alkama ba cikpi. Malam, in gwajin ya nuna tsutsa ta farkon ce, wato Pratylenchus thornei, dawa shekara ɗaya ta isa in dawo da alkama, ko sai na yi biyu?

Malamin Gona:
Yawan da aka ƙirga ne zai ba da amsa, Alhaji. In ta yi yawa sosai, shekara ɗaya ba ta saukar da ita yadda ake so, akan buƙaci shuka biyu a jere da ba ta ci, kuma gonar ta kasance ba ciyawa. Hakan zai ba tushiyar alkamar lokaci ta ruɓe ita ma. Kada dai ka sa masara daf da alkamar, don karanta yana ɗauke da wata Fusarium mai ƙona zangarniya in an yi ruwa lokacin fure. In sakamakon ya fito ka kawo mana lambobin da sunan tsutsar, sannan kafin ka koma alkama a sake gwada ƙasar daga wuraren da ka ɗeba da farko.